Nefilim da Samudawa: Muhawarar Kiristoci a Kan Ƙattan Mutanen Da

Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ga mutum ya cika ƙofa, ga tsawo ga kauri, yakan ce da shi basamude. Yaron da ya tashi a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi ya san kalmar nan tun kafin ya san inda ta samo asali, wato daga Samudawa, mutanen Annabi Salihu. A garin nan kuma akwai Kiristoci, da yawansu daga ƙasar Zuru da Yawuri, waɗanda da Hausa suke karanta Littafi Mai Tsarki, da Hausa ake yi musu wa'azi. Su ma suna da nasu ƙattan, ana kiran su Nefilim, kuma an fi shekara dubu biyu ana ja-in-ja a kan ko su wane ne. A 'yan shekarun nan muhawarar ta fito daga ɗakunan karatun malaman majami'a ta shiga wayoyin hannu, inda hotunan ƙwarangwal masu tsawon rimi ke yawo tsakanin Musulmi da Kirista ba bambanci.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin muhawarar, ta rarrabe abin da nassin ya faɗa da abin da aka ɗora masa daga baya, sannan ta gwada shi da abin da Hausawa suka gada game da ƙattan farko. Za a ga cewa nassin ɗan kaɗan ya ce, kuma yawancin tsawon da aka ba mutanen nan masu fassara da masu ba da labari ne suka ƙara musu.

Abin da Nassin ya Ƙunsa

Tushen maganar ayoyi huɗu ne kacal, a farkon sura ta 6 ta Littafin Farawa, dab da labarin Ruwan Ɗufana. A taƙaice ayoyin sun nuna cewa da mutane suka yawaita a bayan ƙasa, sai waɗansu da nassin Ibrananci ya kira bene ha'elohim, wanda akan fassara da 'ya'yan Allah, suka ga 'yan matan mutane kyawawa ne, suka aure su. Aya ta huɗu ta ce a zamanin nan akwai Nefilim a duniya, ta kuma ambaci jarumawan da, masu suna. Iyakar abin ke nan. Ayar ba ta faɗi tsawon kowa ba. Ba ta ma fito fili ta ce Nefilim su ne 'ya'yan da aka haifa daga auren ba, domin ginin jumlar ya yarda a fahimci cewa suna nan tun kafin a yi auren.

Wuri na biyu da sunan ya fito ƙarara shi ne Littafin Ƙidaya 13:33. Annabi Musa ya aiki mutum 12 su leƙo ƙasar Kan'ana, goma daga cikinsu suka dawo a tsorace, suka ce sun ga Nefilim, zuriyar Anak, har suka ga kansu kamar fara a gabansu. Nan ne kaɗai aka haɗa sunan da girman jiki, kuma ya kamata a lura da bakin da maganar ta fito: bakin matsorata ne masu neman hana jama'a yaƙi, kuma littafin da kansa ya kira rahotonsu mummuna. Wanda ya gudo daga fagen fama bai taɓa cewa abokin gaba gajere ne ba.

Ita kanta kalmar, mafi yawan masana suna danganta ta da saiwar Ibrananci mai ma'anar faɗuwa. Ko faɗuwa daga sama ake nufi, ko faɗuwa a fagen yaƙi, ko faɗa wa mutane da mugunta, saiwar ba ta bayyana ba. Yahudawan Iskandariyya ta Masar da suka juya Attaura zuwa Girkanci a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa su ne suka sa kalmar gigantes a madadinta. A tatsuniyoyin Girkawa kuwa, wannan suna ne na waɗansu halittu da suka yi yaƙi da gumakansu. Jerom ya riƙe kalmar a fassararsa ta Latin wajen shekarar 400, fassarar Ingilishi ta Sarki James ta 1611 ta bi sahu. Ta haka ne kalma mai duhun ma'ana ta zama ƙattai a kunnen Turawa, daga nan kuma ta iso kunnen waɗanda Turawa suka kawo wa littafin.

Ra'ayoyin Malaman Kirista

Ra'ayin da ya fi daɗewa shi ne cewa bene ha'elohim mala'iku ne da suka saɓa. Hujjar masu wannan ra'ayi ta harshe ce, kuma mai ƙarfi: a Littafin Ayuba (1:6, 2:1 da 38:7) lafazin yana nufin halittun sama, babu mai gardama a kai. Wanda ya faɗaɗa labarin shi ne Littafin Anuhu, wanda ba ya cikin Attaura, an kuma rubuta sashensa na farko wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Anuhu shi ne wanda malaman Musulunci da dama suke ɗauka Annabi Idrisu ne. A littafin an ce mala'iku 200 suka sauko a kan Dutsen Harmon, suka yi rantsuwa a tsakaninsu, suka auri mata, suka koya wa mutane sihiri da ƙirar makamai da kwalliya. 'Ya'yansu suka zama ƙattai masu ɗaruruwan kamu, suka cinye abincin mutane, sannan suka koma cin mutanen. Da aka hallaka su sai ruhohinsu suka zama miyagun iskokin da ke addabar 'yan Adam. Malaman Kirista na ƙarni na 2 da na 3, irin su Jastin da Ireniyas da Tartuliyan na Kartaj, sun karɓi wannan fahimta. Suna da madogara a Sabon Alkawari, domin Wasiƙar Yahuza da Wasiƙar Bitrus ta biyu sun yi zancen mala'ikun da suka yi zunubi aka ɗaure su, Yahuza ma ya ambaci Anuhu da suna.

Ra'ayi na biyu ya ce babu mala'ika a cikin zancen. 'Ya'yan Allah su ne zuriyar Shitu ɗan Adamu, masu ibada, 'yan matan mutane kuwa zuriyar Kayinu ne, wato Ƙabila, wanda ya kashe ɗan'uwansa. Laifin shi ne auratayya tsakanin masu bi da marasa bi. Yuliyas Afirkanus ya kawo wannan a ƙarni na 3, amma wanda ya kafa shi daram shi ne Agustin, limamin Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, a kashi na 15 na littafinsa Birnin Allah, wanda ya rubuta tsakanin 413 da 426. Masu wannan ra'ayi sun dogara da Matiyu 22:30, inda aka nuna mala'iku ba sa aure, sun kuma yi tambaya mai ma'ana: in mala'iku ne suka yi laifin, don me tufana ta ci mutane? Wannan fahimta ce ta mamaye majami'ar Yamma fiye da shekara dubu, Luta da Kalbin duk a kanta suka tsaya. Rauninta shi ne babu inda Littafin Farawa ya kira zuriyar Shitu da wannan laƙabi, kuma ba ta bayyana dalilin da zai sa auren mai ibada da marar ibada ya haifar da jarumai ba.

Akwai ra'ayi na uku, wanda ya fi ƙarfi a wajen malaman Yahudu, cewa sarakuna ne da manyan gari masu ƙwace duk matar da suka ga dama. Wani malamin Kirista, Meredith Kline, ya farfaɗo da shi a 1962.

Abin sha'awa ne cewa Afirka ce ta riƙe muhawarar ta kowane gefe. Tartuliyan da Agustin duka 'yan Arewacin Afirka ne. Littafin Anuhu kuma, da majami'un Rum da Girka suka yi watsi da shi har ya ɓace musu, a Habasha kaɗai ya tsira cikakke, cikin harshen Ge'ez, kuma har yau majami'ar Habasha tana lissafa shi cikin littattafanta masu tsarki. Sai a 1773 James Bruce ya kai kwafe-kwafensa Turai, aka fassara shi da Ingilishi a 1821. Guntayensa na harshen Aramaik da aka tsinta a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri, aka buga a 1976, sun tabbatar da tsufansa. Wannan ne ya sa manazartan zamani da yawa suka koma ga ra'ayin farko, a matsayin abin da marubucin da masu sauraronsa na farko suka fahimta. Amma cewa mutanen da sun fahimci aya ta wata fuska daban yake da cewa an tono ƙasusuwan da suka gaskata fahimtar. A nan ne ra'ayoyin kasuwa suka rabu da na malamai.

Awon Kamu da Taƙi

Mutum biyu ne aka fi kafa hujja da awonsu. Na farko Og, Sarkin Bashan, wanda Maimaitawar Shari'a 3:11 ta ce gadonsa na ƙarfe kamu 9 ne a tsawo, kamu 4 a faɗi, wato wajen mita 4 da kusan mita 2. Gado aka auna, ba mai gadon ba, kuma duk wanda ya taɓa shiga fada ya san sarki ba ya yin abu daidai jikinsa. Na biyu Goliyat, wato Jalutu. Nassin Ibrananci da aka saba da shi ya ba shi kamu 6 da taƙi ɗaya a 1 Sama'ila 17:4, kusan mita 3 ke nan. Amma tsohuwar fassarar Girkanci, da kwafen Littafin Sama'ila da aka samu a Kumran, da marubucin tarihi Yusufus na ƙarni na 1, duka sun ce kamu 4 da taƙi, wato mita 2 da 'yan kai. Mai wannan tsawo ƙato ne a zamanin da yawancin maza ba su kai mita 1.7 ba, amma irinsa ana ganin su yau a filin ƙwallon kwando. Mutumin da aka tabbatar ya fi kowa tsawo, Robert Wadlow na Amurka, ya kai mita 2.72, sai da ƙarfen tallafi yake tafiya, ya mutu a 1940 yana da shekara 22. Dalili kuwa Galileyo ya bayyana shi tun 1638: in aka ninka tsawon jiki sau biyu, nauyi yakan ninku sau takwas, alhali kaurin ƙashin da zai ɗauke shi sau huɗu kawai yake ƙaruwa.

Ra'ayoyin Kasuwa

Agustin da kansa ya ba da labarin wani turmin haƙori da ya gani a bakin teku a Utika, wanda ya ce in an yayyanka shi zai yi haƙoran mutum ɗari. Masana a yau suna ganin na giwa ne ko wata dabbar da ta ƙare. Shi kuskure ya yi da zuciya ɗaya. Na bayansa ba duka ne haka ba. A 1868 wani mai sayar da taba, George Hull, bayan ya yi gardama da wani mai wa'azi a kan Farawa 6:4, ya sa aka sassaƙa mutum mai ƙafa 10 da dutsen alli, aka binne a wata gona a Kardif ta jihar New York, aka tono shi a 1869, mutane suka yi ta biyan kuɗi suna kallo, waɗansu masu wa'azi suna cewa ga gaskiyar littafi ta fito. A 1968 Erich von Däniken, sannan Zecharia Sitchin a 1976, suka mai da 'ya'yan Allah baƙi daga wata duniyar taurari. Waɗansu masu wa'azi a Amurka suka juya zancen, suka ce baƙin taurarin ai su ne aljanun, kuma jinin Nefilim yana nan a jikin waɗansu mutane har yau. Wannan na ƙarshe shi ne mai haɗari, domin duk koyarwar da ta ce wani jinsi ba cikakken ɗan Adam ba ne ta buɗe ƙofar zalunci, kuma manyan majami'u ba su yarda da ita ba.

Hoton da ya fi kowane yawo, na wani mutum da shebur tsaye kusa da ƙoƙon kai da ya fi shi girma, an haɗa shi ne da kwamfuta a 2002 don wata gasar sarrafa hotuna, daga hoton wurin da aka tono ƙasusuwan wata tsohuwar giwa a New York. A 2004 ya bazu da labarin cewa masu neman mai ne suka gano shi a hamadar Saudiyya, kuma na Adawa ne. Hoton nan guda ya yi wa kowa aiki: Musulmi ya tura shi da sunan Adawa, Kirista ya tura shi da sunan Nefilim, a Indiya aka ba shi sunan wani jarumin littattafansu.

Uju ɗan Unuƙu

Ba Kiristoci kaɗai suka sha fama da wannan ba. Matsalar da Littafin Ƙidaya ya haifar ita ce: in tufana ta share kowa sai mutanen jirgi, ina 'yan leƙen asiri suka ga Nefilim? Labaran Yahudawa suka amsa da cewa Og ya maƙale a jikin jirgin Nuhu ya tsira. Labarin ya shigo littattafan ƙissoshin annabawa na Larabci da sunan Uju ɗan Unuƙu, inda aka ba shi kamu fiye da 3,000, aka ce ruwan tufana bai wuce gwiwarsa ba, kuma yakan sa hannu a ƙasan teku ya kamo kifi ya gasa a jikin rana. Ko Sarkin Ruwan Argungu zai so ya ga wannan su. Ibn Kasir, a tafsirinsa na ayar Suratul Ma'ida mai zancen mutane masu ƙarfi da Bani Isra'ila suka ji tsoro, ya yi watsi da labarin, ya ce ƙirƙira ce, ya kafa hujja da hadisin da ya ba Annabi Adamu kamu 60 ya kuma ce halitta raguwa take yi tun daga lokacin. Haka nan Alƙali Iyal, a cikin Ashafa da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya ƙi ƙissoshin da ke jingina wa Haruta da Maruta saɓo, bisa hujjar cewa mala'iku ma'asumai ne. Damuwarsa da ta Agustin kusan ɗaya ce, ko da yake ba su san juna ba.

Wanda ya kai ga jijiyar maganar shi ne Ibn Haldun, a Muƙaddimarsa ta 1377. Ya ce masu ba da labari sukan ga manyan gine-ginen mutanen da, sai su ɗauka jikin maginan ne ya yi daidai da ginin, alhali abin da ya ɗaga duwatsun shi ne ƙarfin daula, da yawan ma'aikata, da dabarun injiniyoyi. Ya yi wa labarin gasa kifi dariya, ya kuma lura cewa ƙofofin gidajen da ake jingina wa Samudawa a Hijir daidai suke da na sauran mutane.

A nan akwai abin lura ga ɗalibin harshe. Alƙur'ani Adawa ya siffanta da ƙarin girman halitta, a Suratul A'araf, Samudawa kuwa da sassaƙa gidaje a duwatsu. Amma Bahaushe basamude ya ɗauka, bai ce ba'ade ba. Mai yiwuwa ne kalmar adawa, ta ƙiyayya da hamayya, ita ta riga ta tare wurin. Mai yiwuwa ne kuma, kamar yadda Ibn Haldun ya hango, aikin dutsen ne ya ba su tsawon.

Surame da Dutsi

Ƙasar Kabi ta ba da kyakkyawan ma'aunin wannan magana. Kufan Surame, babban birnin da Muhammadu Kanta ya gina bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Sanwai wajen 1516, yana nan a ƙaramar hukumar Binji ta Jihar Sakkwato, da ganuwarsa ta dutse mai nisan zagaye. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi mamakin kufaifan Kanta a Infaƙul Maisuri. In da girman gini kaɗai ke haifar da ƙattai, da nan ne ya fi cancanta. Amma Kabawa ba su ce Samudawa suka gina Surame ba. Abin da suka riƙe shi ne labarin aikin tilas: yadda Kanta ya kira al'ummun da ke ƙarƙashinsa kowa ya zo ya gina rabonsa, yadda aka ɗora wa Azbinawa jigilar ruwa daga nesa, da yadda aka ce Nufawa sun makara sai aka sa su kwaɓa ƙasarsu da man kaɗe. Ko da an yi ƙari a labaran, bayaninsu shi ne na Ibn Haldun: iko da yawan hannu. Dalili kuwa, jerin sarakunan Kabi bai yanke ba daga Surame zuwa Birnin Kebbi zuwa Argungu, inda gidan tarihi na Kanta yake a tsohuwar fada. An san mai ginin, an san jikokinsa, kuma tsawonsu irin na kowa ne.

A Zamfara abin ya sha bamban. Labarin gargajiya ya ce mazauna farko mafarauta ne kuma ƙattai, ana kuma nuna manyan kaburbura a Dutsi, ta wajen Zurmi, a matsayin na sarakunan farko tun daga Dakka. A Kano, tarihin garin da Palmer ya fassara a 1908 ya siffanta Barbushe da ƙato mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. A Barno ana jingina manyan tuluna da tuddan bakin Tafkin Cadi ga mutanen So, waɗanda aka ce ƙattai ne, amma tonon da Graham Connah ya yi a Daima a 1965 da 1966 ya fito da kaburburan mutane irin na yau. Duk wuraren nan ƙattan suna zaune ne a bakin iyakar tarihi, inda sunaye suka fara dusashewa, kamar yadda Nefilim suke zaune dab da tufana, Anakawa kuma a ƙasar da Bani Isra'ila ba su riga sun shiga ba.

Nauyin da ke Kan Mai Fassara

Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa jagora, duk wanda ya zauna juya Farawa 6:4 sai ya zaɓi hanya. In ya bar sunan yadda yake, ya yi masa jam'in Hausa ya ce Nefilimawa, ya mai da su ƙabila kamar Kabawa ko Zamfarawa, abin da nassin bai tabbatar ba. In ya ce ƙattai, ya bi Girkawan Iskandariyya. In ya ce manyan mutane, Hausa ta ba shi mafaka, domin babban mutum yana iya zama mai jiki, yana iya zama mai sarauta, ta haka ya bar wa ra'ayi na uku ƙofa a buɗe. Mai wa'azin da ya ɗaga kai daga littafin ya ce wa jama'arsa ai Samudawa ake nufi, don su gane da sauri, ya shigo da Uju da kifinsa da kaburburan Dutsi cikin ayar da ba ta auna kowa da kamu ko ɗaya ba.